HAƘƘIN JIKI: Darasi A Kan Hutu Da Wasa Ga Matashi Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutum, ya san ƙarfinsa, ya san rauninsa, bai ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, na san wani zai buɗe wannan shafi ya ce, me ya kawo maganar hutu da wasa cikin littafin wa'azi, alhali kuwa kullum kukanmu shi ne matasa sun yi kasala? To ɗan'uwa ka yi haƙuri ka ji dalili.

Akwai wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba, shekararsa goma sha tara lokacin da ya fara zama a karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i. Da can ɗan yawo ne, sai Allah ya shirye shi. Cikin wata ɗaya ya ɗauki addinin gaba ɗaya ya aza a kai: azumi kusan kullum, tsayuwar dare har Asuba, da safe kuma ya tafi shagon ubangidansa. Yana da tantabaru da yake kiwo tun yana ƙarami, ya sayar da su, wai suna shagaltar da shi. Ya bar ƙwallo. Idan abokansa suka yi dariya sai ya murtuke fuska ya tashi. Mahaifiyarsa ta aiko mini cewa yaron nan ya rame, ba ya barci, ba ya hira da kowa a gida, a yi masa magana. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji, har misali nake bugawa da shi a gaban sauran yara. Ba a rufa shekara ba sai muka daina ganinsa, da farko a karatu, daga baya har a sahun salla. Ran da na gamu da shi a tasha na kama hannunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na gwada, ba zan iya ba." Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin addinin Allah ne yaron nan ya gwada ya kasa, ko kuwa wani kaya ne daban da ya ɗaure wa kansa, ni kuma na tsaya ina yi masa sannu da ƙoƙari?

ABIN DA YA ZO A SUNNA

Irin wannan zumuɗi ba a kansa farau ba. Ya faru ga waɗanda suka fi mu. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Salmanu ya kai masa ziyara, ya tarar da uwargida cikin tsummoki ba kwalliya, ya tambaye ta, ta gaya masa ɗan'uwan nasa ba shi da sauran buƙata da duniya. Aka kawo abinci, mai gida ya ce shi azumi yake yi, Salmanu ya ƙi ci sai da ya karya suka ci tare. Dare ya yi, Abud Darda'i ya miƙe zai yi salla, Salmanu ya sa shi ya kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake kwantar da shi. Sai can ƙarshen dare ya tashe shi suka yi salla tare, sa'an nan ya karanta masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kowa a ba shi nasa. Da maganar ta je gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya gaskata Salmanu.

Ku lura da kalmar nan ta haƙƙi. Ba a ce alfarma ba. Haƙƙi bashi ne, wanda ya danne shi kuwa sunansa azzalumi, ko da jikinsa ne ya zalunta.

Wanda labarinsa ya fi kama da na yaron nan shi ne Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, domin shi ma saurayi ne mai jini a jika. Ya ɗauki alkawarin zai yi ta azumi kullum, ya raya kowane dare. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gargaɗe shi cewa in ya yi haka idanunsa za su zurma, ransa ya gaji. Ya ba shi kwana uku a wata, ya ce zai iya fiye da haka. Aka yi ta ƙara masa yana neman ƙari, har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, watau a yi yau a sha gobe. To da tsufa ya zo masa, ƙarfi ya tafi, sai ga shi yana cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi tun farko. Buhari da Muslim duka sun kawo wannan. Haka nan igiyar da Zainab ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci don ta riƙa kamawa idan ta gaji da tsayuwa, umurni aka bayar a kwance ta, aka ce mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Mai gyangyaɗi a cikin salla ma an ce ya je ya kwanta, don kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa bai sani ba.

Sai kuma Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Shi tsoronsa irin naku ne. Ya ga cewa idan yana gaban Manzo ana ambaton wuta da Aljanna kamar yana ganinsu da ido, amma da ya koma gida ya shiga wasa da mata da 'ya'ya da sha'anin gona sai ya manta da yawa, saboda haka ya yanke wa kansa hukuncin munafunci. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka, suka tafi tare. Amsar da aka ba su, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce da za su dawwama a kan wancan hali da mala'iku sun riƙa yin musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma fa akwai lokacin wannan, akwai lokacin wancan. Har sau uku aka maimaita masa. Ashe komawa gida a yi wasa da yara ba munafunci ba ne, mutum ne kawai yake zamansa na mutum.

A nan bari in taɓa mu masu wa'azi kaɗan. Ibnu Mas'ud ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don gudun kada ya ƙosar da su, ya kuma ce haka Annabi yake zaɓar musu lokaci. Mu kuwa yau sai mu kama lasifika bayan Isha'i har sha biyun dare, ga mara lafiya a maƙwabta, ga leburan da zai yi sammako, mu kuma muna ganin jihadi muke yi.

BARCI

Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa barci cikin ni'imominsa a Suratun Naba'i, ya kira shi hutawa. A Suratul Ƙasas, aya ta 71 zuwa ta 73, ya tambayi mutane, in da zai mayar da zamani rana zalla har tashin ƙiyama, wa zai kawo musu daren da za su natsu a cikinsa? A Suratun Nur aya ta 58 kuma, cikin lokuta uku da aka ce yara su nemi izini kafin shiga ɗaki har da tsakar rana, sa'ad da mutane suke tuɓe tufafi. Wannan ya nuna ƙailula abu ce sananniya a wurinsu. Sahlu ɗan Sa'ad ya ce ranar Juma'a sai bayan an sauko suke yin ƙailula su ci abinci. Mu'azu ɗan Jabal kuwa, lokacin da yake Yaman, ya gaya wa Abu Musa cewa shi yana barci yana tashi, kuma yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa.

Masana lafiya na zamaninmu sun auna wannan abu da ma'auninsu. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da matsaya a 2015 cewa babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye kowane dare, a 2016 kuma ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take zaunar da abin da aka koya da rana, shi ya sa mai hadda da ya kwana biyu bai runtsa ba yake ganin shafin jiya ya zube. Wasu masu bincike a Ostireliya a 1997 sun gwada mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da hannunsa suna komawa kamar na wanda ya kurɓi giya. Ka ji fa! Kai da ba ka taɓa kai kwalba baki ba, amma ka kama sitiyari a cikin halin mashayi.

Wannan ya kawo ni ga 'yan'uwanmu masu acaba da a-daidaita-sahu da lebura. Su ba ibada ce ta hana su hutu ba, balas ne da kuɗin cefane. Na san halin da ake ciki, ba daga sama nake magana ba. Amma ku ji wannan: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Kai da kake fita shida na safe ka dawo goma na dare, ka lissafa naka. Mafi muni, idan jiki ya fara kuka sai a toshe masa baki da ƙwaya. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'idar likita ba. Na zauna da waɗansu daga cikin masu sha, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da suka ce mini su ba don maye suka fara ba, don kashe gajiya ne. To ƙwaya ba ta kashe gajiya, ɓoye ta take yi, jiki kuwa magayi. Barci ɓarawo ne, in ka hana shi a kan tabarma zai same ka a kan titi da fasinja uku a baya, ran nan kuma ba jininka kaɗai za a tambaye ka ba.

WASA

Wani zai ce, to mun ji barci, wasa fa? Ai wasa na yara ne. Ka buɗe Suratu Yusuf aya ta 12 da ta 13. 'Yan'uwan Yusufu sun nemi a bar shi ya bi su ya yi wasa, Annabi Yaƙuba bai ce wasa laifi ne ba, abin da ya ambata shi ne baƙin cikin rabuwa da tsoron kerkeci.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a halin tafiya ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi mata raha cewa an rama. Abu Dawuda ya kawo shi. Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa, Umar ya so ya kore su da tsakuwa, aka ce ya ƙyale su. Ya shirya sukuwar dawaki, horarru daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, Ibnu Umar ma yana cikin mahaya. Ya wuce waɗansu mutanen Aslam suna gasar harbi da baka ya ƙarfafa su. Taguwarsa Adba'u ba a taɓa wuce ta a tsere ba, ran nan wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa Musulmi ciwo, shi kuwa ya kwantar musu da hankali da cewa duk abin da ya ɗaukaka a duniya sai Allah ya sauke shi. Ina masu fasa wa juna kai don an ci kulob ɗinsu a wata ƙasa da ba su taɓa takawa ba? Jabir ɗan Samura ya ce bayan sallar Asuba sahabbai sukan zauna su tuna abubuwan jahiliyya su yi dariya, Annabi yana murmushi. Ƙanen Anas kuma, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi yakan tsokane shi da tambayar labarin tsuntsun. Duk lokacin da na karanta wannan hadisi sai tantabarun yaron nan su faɗo mini.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka nemi wani abu na halal da ranka yake so, wanda ba don kuɗi kake yi ba, ba don jarrabawa ba. In ƙwallo ce ka buga da ƙafarka, ya fi maka ka zauna kana kallon wasu suna bugawa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce babba ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, ka ga wasa uku bayan La'asar sun kusa biya maka. In iyo ne, ko keke, ko kokawa, ko langa, duk hanya ce. Ni dai abin da na fi so wa matashi shi ne wanda hannu yake taɓa ƙasa ko rai: ɗan lambu a bayan ɗaki, ko da a buhu ne ka zuba ƙasa ka shuka tumatir da alayyafo, ko akurkin kaji, ko zomaye, ko tunkiya ɗaya. Dalilina kuwa, mai kiwo da mai shuka dole ya tashi da wuri, dole ya koyi haƙuri da tausayi, kuma yana da abin da yake ɗokin gani gobe, wannan ɗoki kuwa magani ne babba ga zuciyar da ta cushe. Ga lada a kai, domin ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Wanda hannunsa ya faɗa a rubutu ya koyi kyautata shi, mai son ɗinkin hula ya ɗinka, mai son tarihi ya karanta.

IYAKA

Kada wani ya ɗauki rabin magana ya gudu. Allah ya zargi waɗanda suka watse zuwa ga fatauci da wasa suka bar Annabi a tsaye yana huɗuba, a ƙarshen Suratul Jumu'a. Duk wasan da aka kira salla yana ci gaba ya fita daga abin da muke magana. Duk wasan da kuɗi ya shiga, wanda aka ci ya biya, caca ne, ko a gindin bishiya aka yi ko a cikin waya da sunan hasashen ƙwallo, kuma haramcinsa yana Suratul Ma'ida aya ta 90 tare da giya. Wasan ɗan lido, Muslim ya ruwaito hani mai tsanani a kan nardu, malamai da yawa kuma sun haɗa duk wasan da ake jefa ƙwayar sa'a da shi. Dambe akwai dukan fuska, an hana, ga layu da guraye da ake ɗaurawa a damtse, wanda wannan ya wuce wasa ya taɓa tauhidi. Kokawa halal ce in an tuɓe mata waɗannan. A rufe al'aura, wando ya sauka gwiwa. Haɗa raguna ko zakaru faɗa zalunci ne ga dabba.

Sai babbar musiba, wadda ita ce ta fi cin matasanmu, watau abin da yake kama da hutu alhali gajiya ce. Mutum ya kwanta ƙarfe goma da waya a hannu, yana ja da yatsa, bai ankara ba sai ƙarfe biyu. Ko majalisar mai shayi, a ci naman wane a ci na wane har dare ya raba. Abu Barza ya ce Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta, sai dai malamai sun togace hirar ilmi da ta baƙo da ta iyali. Wasan kwamfuta da na waya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa kamuwa da shi cikin jerin cututtuka, idan ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa har ya lalata masa karatu ko aiki ko zaman gida. Ga awo mai sauƙi da za ka yi wa kanka: bayan ka gama abin nan da kake kira hutu, ka tashi da ƙarfi ko da kasala? Fuskarka ta saki ga mahaifiyarka ko ta ƙara ɗaurewa? Ka sami Asuba a jam'i? In amsa ta yi kyau, riƙe shi. In ba ta yi ba, ba hutu ba ne, ko me mutane suke kiransa.

Wanda kuma baƙin cikinsa ya wuce na gajiya, ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, har yana jin rayuwar ta ishe shi, to wannan ƙwallo da lambu ba za su wadatar ba. Ya gaya wa wani babba da ya yarda da shi, a kai shi asibiti. Ciwo ne kamar sauran ciwo, ba raunin imani ba ne, kada kowa ya gaya masa haka.

Yaron nan kuwa, na yi ta bibiyarsa wajen wata huɗu. Ban kai masa littafi ba. Na nemi gafararsa, na gaya masa laifina ya fi nasa domin ni ne na karanta hadisin Abdullahi ɗan Amru a jami'a, har jarrabawa na rubuta a kansa. Muka yi yarjejeniya a kan salloli biyar cikin jam'i, da wutiri kafin ya kwanta, da azumi uku a wata in ya ga zai iya, kada ya ƙara komai a kai sai mun yi shawara. Ranar wata kasuwa na saya masa tantabaru biyu, mace da namiji, na kai masa har gida. Mahaifiyarsa ta leƙo ta ce, "Malam, yau kuma wa'azin da tsuntsaye aka zo?" Na ce, "I, Inna, yau da su aka zo." Yanzu sun kai ashirin da wani abu, ya yi musu ɗaki da tukwane a kan katanga. Karatu yana zuwa Litinin da Alhamis, sauran ranaku bayan La'asar yana fili, shi ne mai tsaron gida, kuma shi ne yake ɗauke ƙwallo idan ladan ya taɓa lasifika. Allah ya tabbatar da mu da shi, amin.